Yadda ake ɗaukar zanen tsawon rai na 'yan Buda ba tare da an lalata shi ba

Masu aikin haɗa kaya da sauya gida a Jidda da Riyad kan ci karo da wani zane mai kewaye da alharini a gidajen 'yan Nepal ko Turawa masu tara kayan tarihi. Sunansa tanka, asalinsa Tibet. Ba sai ka yarda da abin da ke jikinsa ba, amana ce dai aka ba ka, kuma kuɗinsa na iya wuce albashin wata da wata.

Fara da gane irinsa. Mabiya Buda kan sa a zana na tsawon rai saboda iyayen da suka tsufa, ko malaminsu, ko mara lafiya. Siffofi uku ne suka fi yawa: Amitayus, ja, riƙe da tulu a cinyarsa, Farar Tara mai idanu bakwai, uku a fuska, sauran a tafin hannu da na ƙafa, sai Namgyalma mai fuska uku da hannu takwas. Akwai kuma mai tsoho da barewa da gauraka da bishiya da dutse da ruwa. Sau tari a bayan zanen za ka ga jan rubutu daidai goshi da maƙogwaro da ƙirjin siffar da aka zana. Alamar an yi masa bikin tsarkakewa ke nan, don haka mai shi ba zai so a ajiye shi a ƙasa ko a tsallake shi ba.

Ruwa ne babban abokin gabarsa. Yadin auduga ne aka shafe da alli, launin kuma garin duwatsu ne da aka kwaɓa da dankon fata. Jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya ya isa ya kwashe fuska guda. Ko baƙin hayaƙin fitila ka gani, ƙyale shi.

Wajen naɗewa, wanke hannu ka busar, ka shimfiɗa shi a kan tebur, fuska sama. Sauke siririn mayafin da ke ɗinke a samansa ya rufe zanen, ka daidaita shi kada ya yamutse. Kama sandar da ke ƙasan zanen ta gefe biyu, ka naɗe zuwa sama sakwa-sakwa. Yatsa kada ya danna tsakiya. Matsewa ce ke jawo tsagewar nan da ake gani a kwance a tsofaffin zanuka. Ninkewa kuwa kar ma a fara.

Nannaɗe shi da farin yadin auduga, ba leda ba. A damshin Jidda leda na tara gumi, funfuna ta fito, kyankyasai kuma su bi dankon. Riyad akasin haka ne, bushewa ke sa launin ɓarewa. Damshin da ake so kashi 45 zuwa 55 ne cikin ɗari. Kada ya kwana a bayan mota, kada kuma a rataye shi ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, inda ruwa kan ɗiga. Ɗauki hotonsa gaba da baya a gaban mai shi kafin ka taɓa.