Kurakuran da aka fi yi wajen sharhin masu raunin fahimta a tsofaffin littattafan adabi

Duk wanda ya karanta adabin Turawa ya ci karo da su: mutanen da koyo da tafiyar da harkokin yau da kullum ke yi wa wuya tun suna yara. Sharhin da ɗalibai ke rubutawa a kansu, har da wasu malaman, yakan faɗa ramuka iri ɗaya.

Wanda ya fi yawa shi ne zuba kowa a kwando ɗaya. Raunin fahimta daban, taɓin hankali daban, farfaɗiya ma daban. Yarima Myshkin na littafin The Idiot, wanda Dostoevsky ya kammala a 1869, farfaɗiya ce ke damunsa, ita ta kai shi jinya Suwizalan. Mutum ne mai kyan rubutun hannu, mai saurin gano abin da ke zuciyar mutane. Mutanen labarin ne ke yi masa kallon wawa saboda ba shi da wayon zaman duniya. Maganin wannan kuskure shi ne a duba abin da mutumin ke aikatawa, a bar biye wa masu zaginsa.

Sai batun Benjy Compson a The Sound and the Fury na Faulkner, 1929. Mai karatu ya sha wuya a kashin farko, wanda tunanin Benjy ne zalla, sai ya yanke hukunci cewa surutu ne marar kai da gindi. Ba haka ba ne. Benjy ba ya magana, yana da shekara 33, amma tunaninsa na da zare: ƙamshi ko sauti ne ke ɗauke shi daga yau ya mayar da shi shekarun baya. A wurinsa yayarsa Caddy ƙamshin itatuwa take yi. Ranar da ta shafa turare ya fashe da kuka, bai yi shiru ba sai da ta wanke. Ya riga kowa a gidan jin cewa za ta yi masa nisa. A bi waɗannan alamu, labarin zai buɗe. Kada kuma a tsallake dandaƙar da aka yi masa kamar ƙaramin abu. Shekara 2 kafin fitowar littafin, a shari'ar Buck da Bell ta 1927, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta hana irin waɗannan mutane haihuwa da ƙarfin doka.

Charlie Gordon na Flowers for Algernon, 1966, ana yawan cewa tiyatar da aka yi masa don ƙara masa basira ce ta mayar da shi mutum. Shi kansa a littafin ya musa hakan, ya nace cewa mutum ne tun kafin a taɓa shi.

Kuskuren da ya fi sosa mini rai yana kan Lennie na Of Mice and Men, littafin Steinbeck na 1937. Ɗalibi zai rubuta cewa abokinsa George ya harbe shi don tausayi, babu wata mafita, shi ke nan. To, wa ya toshe sauran hanyoyin? Marubucin ne. Tun da farko ya sa an harbe tsohon karen Candy, wani dattijon abokin aikinsu, a ƙeya, daga baya George ya ɗauki bindigar nan ita ɗin dai ya harbi Lennie a ƙeya, a bakin kogi, yana ba shi labarin gonar da zai kiwata zomaye. An jera mutum da kare don mai karatu ya haɗiye kisan. Sharhi mai kyau ya kamata ya fito da wannan shiri fili, ya kuma tambayi me ya sa ƙarfi da haɗari suka fi komai fitowa a siffar Lennie.

Abin bai tsaya a aji ba. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta zartar da hukuncin kisa kan masu raunin fahimta. A 2004 wata babbar kotu a jihar Texas ta kafa misali da Lennie wajen bayyana wanda ya cancanci wannan kariya, wato aka auna rayayyun mutane da wanda marubuci ya ƙaga. Sai a 2017, a shari'ar Moore, Kotun Ƙoli ta yi watsi da ma'aunin na Texas, ta ce a koma ga na likitoci.