Yadda za ka riƙa tattaro labarin 'yan ajinku yanzu da furfura ta kama kowa

Duk ajin da ya gama kwaleji ko jami'a wajen 1985 zuwa 1992 yanzu ne lokacin su na ajiye aiki, kuma yanzu ne aka fi buƙatar jin labarin juna, don wani ya kai babban sakatare wani yana nan yana koyarwa a ƙauye wani kuma ya rasu tun bara ba wanda ya ji sai da aka ci karo da ɗan shi a Ƙofar Ƙaura cikin garin Katsina. Guruf ɗin WhatsApp kaɗai ba zai yi wannan aikin ba, barka da Juma'a da gardamar siyasa sun cika shi. Sai mutum ɗaya ya ɗauki nauyin abin. In kai ne, to ga hanyar da nake ganin ta fi.

Fara da sunaye. Nemo takardar bikin yaye ɗalibai ko hoton aji, ku zauna ku uku ko huɗu ku rubuta kowa da garin shi, har waɗanda suka bari ba su ƙarasa ba, ai tare aka ci wake da garin makaranta. Ko FCE Katsina kuka yi ko Hassan Usman Katsina Polytechnic ko ABU Zariya, za ka tarar da yawa sun dawo gida bayan an ƙirƙiri jihar Katsina a 1987, saboda haka neman su bai da wuya kamar yadda ake zato, wanda ya ɓace ka tambayi ɗan garin su, in ɗan Daura ne ko Mashi ko Malumfashi akwai wanda ya san gidan su. A littafi za ka rubuta ba a waya kaɗai ba, waya tana ɓata.

Sai lissafin ritaya, wannan shi ne zai hana ka jin labari a makare. A aikin gwamnati shekara 35 ta aiki ce ko shekara 60 ta haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Kenan wanda ya kama aiki a 1990 ya cika a 2025, wanda ya kama a 1993 sai 2028 in shekarun haihuwa ba su riga cim mashi ba. Malaman firamare da sakandare dokar tarayya ta 2022 ta kai nasu shekara 65 ko 40 ta aiki, amma ka tambayi mutum yadda abin yake a wurin aikin shi don jihohi ba tare suka fara aiki da ita ba. Farfesa kuwa sai 70. Shi ya sa za ka ga 'yan aji ɗaya wani ya shekara goma a gida wani bai ma fara haɗa takardu ba. Ka sa shekarar kowa gefen sunan shi, in ta matso ka kira shi tun yana hutun shirin ritaya ka yi mashi fatan gamawa lafiya.

Kira nake cewa ba saƙo ba. In ka rubuta a guruf cewa kowa ya turo labarin shi, waɗanda abin ya yi ma kyau ne za su turo, darakta zai turo, wanda aka naɗa sarauta zai turo har da hoton rawani, amma wanda ya yi ritaya yana jiran giratuti shekara da shekaru, ko wanda kasuwa ta karye mashi, ko wanda ciwon suga ya kwantar, shiru zai yi yana karantawa kawai, wani ma ya fita daga guruf ɗin ba sallama. Wallahi waɗannan su ne dalilin aikin gaba ɗaya. Su za ka fara kira, bayan la'asar ko bayan isha'i, ku gaisa a tsanake, ya iyali ya jiki ya jikoki, kar ka buɗe da tambayar ko an biya shi haƙƙin shi, in ya sake da kai shi zai kawo maganar da kan shi. Wanda ke cikin gari kuma ka taka ka je, zumunta a ƙafa take.

Kafin ku yi sallama ka tambaye shi ƙarara, Malam wanne zan faɗa ma 'yan'uwa wanne zan bari? Abin da ya ce a bari ka bari. Rashin lafiya, mutuwar aure, bashi, matsalar yaro, ba a sa su sai mai abin ya yarda, kuma ko ya yarda cewa yana fama da jiki a sa shi a addu'a ya isa, ba sai ka ambaci cutar ba. Labarin rasuwa kar ka tura sai ka ji daga bakin ɗan gidan, sunaye suna kama da juna sosai a wajen mu, ka haɗa da lokacin jana'iza da gidan da ake zaman makoki.

Matan ajin ku samu Hajiya ɗaya a cikin su ta riƙe ɓangaren, za su fi sakin jiki da ita kuma babu mijin da zai ga kamar an shiga mashi gida. Ita ce kuma za ta riƙa leƙa matan abokan da suka rasu da marayun su, kar sunan mutum ya fita daga littafi don ya bar duniya.

Wajen rubuta labarin da za ka riƙa tura ma 'yan aji, sau ɗaya a wata uku ya isa. Ka fara da rasuwa da addu'a, sai marasa lafiya, sai waɗanda suka yi ritaya, sannan ƙarin girma da naɗi, sannan aurar da 'ya'ya da suna da saukar Alƙur'ani da waɗanda suka sauke farali. Kowa layi biyu ko uku daidai wa daida, kar kwamishina ya ci rabin shafi hedimasta ya samu rabin layi, wanda ya koma noma ka faɗi abin da yake nomawa da mutunci kamar yadda ka faɗi muƙamin wancan. Sunayen tsokana na makaranta a bar su sai an haɗu, yanzu 'ya'ya da jikoki ke karanta ma wasu saƙo. Ka kuma karanta shi da murya ka tura, idanu sun fara rauni.

In an yi karo-karo don taimakon wani, mutum biyu su riƙe kuɗin, a faɗi jimlar abin da aka tara da ranar da aka kai, ba sai an jera wa ya ba da nawa ba, kuma kar a ɗauki hoton miƙawa.

Haɗuwa ido da ido ku sa ta lokacin da mutane ke gida dama, washegarin Sallah bayan Hawan Bariki a Katsina, ko lokacin Sallar Gani in Daurawa sun fi yawa a cikin ku. A nan za ka karanta sunayen waɗanda har yanzu ba a samu ba, ka raba ma mutane kowa ya ɗauki biyu ya nemo kafin fitowa ta gaba, sannan ka ba mutum na biyu kwafin littafin ya ajiye a gidan shi.