Darasi na Bakwai: Idan Fetur Ba Ya Isa Inji

Tsofaffin motocin bas masu shan fetur, irin su Toyota Hiace da Mitsubishi L300 da Volkswagen Kombi, har yanzu suna ciyar da gidaje da yawa a Jos. Wasu na kai dankali da kabeji kasuwar Farin Gada da su. Wasu sun cire kujerun baya sun shimfiɗa katifa domin kwana a doguwar tafiya. Ciwon da ya fi damun irin waɗannan motoci shi ne fetur ya kasa isa inji yadda ya kamata.

Ga yadda ake gane shi. Motar tana tafiya lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, amma da ta kama tudu irin Hawan Kibo sai ta fara fizga, ƙarfi ya ragu, ta mutu. A jira minti biyar, ta tashi kamar ba ita ba. Dalili shi ne a kan tudu inji ya fi shan mai, ɗan abin da ke zuwa ba ya isarsa.

Fetur yana fitowa daga tanki, ya bi tiyo, ya ratsa filta mai tace datti, famfo ya tura shi zuwa kafireta, wato sashen da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Wannan hanyar za ka bi, daga tanki zuwa gaba. Direbobi da yawa kafireta suke fara kwancewa, alhali ita ce ta fi wuyar mayarwa daidai, kuma sau da yawa ba ta da laifi.

Kafin ka kwance komai, kashe inji, ka bari ya huce. Kada mai shan taba ya matso. Kada kuma ka zuƙi fetur da baki. Idan ya shiga huhu yana iya yin mummunar illa.

Fara da murfin tanki. Buɗe shi da zarar motar ta mutu, ka saurara. Idan ka ji iska ta shiga da ƙarfi, sannan motar ta tashi, to ƙofar da tanki ke shan iska ta toshe. Gyaranta ba ya cin kuɗi sosai.

Sai abin da ke cikin tankin, kuma a nan ne ya kamata mu dakata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, direbobi da yawa ba sa iya cika tanki, sai lita kaɗan kaɗan. Ba laifinsu ba ne, amma mota tana jin jiki. Tankin ƙarfe da ke zama rabi babu mai yana tara raɓa a ciki, balle a sanyin Jos lokacin hunturu. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yana kwantawa a ƙasa, ya haifar da tsatsa, kuma daga ƙasan ne ake jan mai. Ƙara da man 'yan bumburutu da ake ɗurawa daga jarka, wani lokaci da ƙura ko ruwa. Zare tiyon da ke shiga filta, ka tsiyayi mai kaɗan a farar kwalba, ka ajiye ta. Idan akwai ruwa za ka gan shi ya rabu a ƙasa. Idan ka ga jan gari, tsatsa ce, sai an sauke tanki an wanke. Motar da ta yi watanni a ajiye kuwa, man da ke tankinta yakan tsufa ya yi danƙo. Zubar da shi ya fi.

Filta ba ta da tsada, ana samunta a kasuwar kayan gyaran mota ta Dilimi. In ta yi duhu, canza ta, ka lura da kibiyar da ke jikinta: wajen inji take nunawa.

Duba tiyon roba ta hanyar lanƙwasa shi. In ya tsattsage ko ya yi tauri, ya gama aiki. Masu Kombi su kula ƙwarai, domin injinta a baya yake, direba ba ya ganin ɗigar mai, kuma fetur a kan inji mai zafi gobara ce.

Famfo iri biyu ne. Na lantarki yana yin 'yar ƙara idan ka murɗa makulli. In shiru, duba fiyus tukuna. Wanda inji ke motsawa yana da faifan roba a ciki. In ya yage, fetur na iya gangarawa cikin baƙin mai. Zaro sandar awon baƙin mai ka sansana. In ka ji warin fetur, kada ka ci gaba da tuƙi sai an canza famfo da baƙin man duka.

Idan duk waɗannan lafiya suke, to yanzu ne za a kai wa bakanike kafireta, ka gaya masa abin da ka riga ka duba.

Aikin aji: Zana hanyar fetur daga tanki zuwa kafireta, ka rubuta sunan kowane sashe. Sannan ka rubuta jimla biyu a kan yadda ake gane ruwa a cikin fetur.