In za ka Tailan, ga yadda za ka gane ragowar farfagandar zamanin yaƙin duniya na biyu kada ka jawo wa kanka rigima

Masu zuwa Bankok sarin kaya, ku fara da agogo. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshin jirgi da wuraren shaƙatawa, sai ka ga kowa ya ƙame kamar an dasa shi. Kai ma ka tsaya malam, minti ɗaya ne kawai. Abin ya yi ƙarfi ne tun mulkin Plaek Phibunsongkhram, sojan da ya zama firaminista a 1938, shi ya sauya sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan a 1939, ya kuma fitar da dokokin al'ada guda 12 tsakanin 1939 da 1942, har da sa kaya irin na Turawa da hula in za a fita. Hatta gaisuwar sawatdi da taliyar pad thai ɗin nan da ake ta yayi, gwamnatinsa ce ta tallata su, amma fa kada ka faɗa wa mai sayar da abinci haka, ba zai ji daɗi ba.

Inda ya fi zafi shi ne maganar yankunan da suke cewa an ƙwace musu. Hasumiyar nasara da ke tsakiyar Bankok an gina ta ne a 1941 bayan yaƙinsu da Faransa, kuma yankunan da suka samu a lokacin sun mayar a 1946, mutane da yawa har yau abin na ci musu rai. Don haka in hira ta kai ga Kambodiya da wurin bautar Preah Vihear, wanda kotun duniya ta ba Kambodiya a 1962, ka zama mai sauraro kawai, ko a 2025 sai da aka yi ɓarin wuta a wannan iyakar.

Batun Japan ma haka. Tailan ta bi bayan Japan ta shelanta yaƙi da Amurka da Ingila a Janairun 1942, amma abin da za su fi so su ba ka labari shi ne Seri Thai, ƙungiyar da ta yi aiki a ɓoye tare da ɓangaren Amurka da Ingila. Ka tambaye su wannan ɗin, hira za ta yi daɗi.

In kuma ka haɗu da Musulmin kudu, ƴan Pattani masu jin Malay, labarinsu daban ne, su waɗancan dokokin al'adar takura ce gare su, har sutura da harshe.

Sarki kuwa kada ka taɓa shi ko da wasa, ko a Facebook. Sashe na 112 na dokar laifukansu, mai hana ɓata sunan sarki, ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne, kuma baƙo bai tsira ba.