Kafin ku zuba kuɗi a tsohon gem

Jama'a, masu tara tsofaffin wasannin bidiyo, tsufa kaɗai ba ya sa kaya tsada. Super Mario Bros. na NES, tsohuwar na'urar gem ta kamfanin Nintendo, an buga shi miliyoyi, shi ya sa kaset ɗinsa tsura ba ya wani kuɗi. Ƙarancin kaya da lafiyarsa ne ke ɗaga farashi: kwalin asali, ɗan littafin ciki, da takardar jikin kaset da rana ba ta koɗar ba. Wanda ba a taɓa ɓare ledarsa ba kuwa, ba a magana. A 2021 an yi gwanjon irin wannan na Super Mario 64 a Amurka kan dala miliyan 1.56, kodayake kasuwar ta sauko daga baya.

Jabu sun yi yawa, musamman Pokémon na Game Boy, ƙaramar na'urar gem ta hannu ta Nintendo. Ku kwance kaset ku duba allon ciki, na gaske akwai sunan Nintendo a jikinsa. Kasakasan nan namu na yarinta masu "9999 in 1" kam, sai dai a ajiye don tuna baya.

A kasuwar intanet ta eBay kada kuɗin da mai kaya ya yanka ya ruɗe ku, ku duba nawa aka sayi irinsa. Kuma ku cire batir daga Game Boy kafin ku adana, don yana yoyo ya cinye ƙarfen ciki.