Taici Don Hana Dattawa Faɗuwa

Taici motsa jiki ne na ƙasar Sin da ake yi a hankali, ba tsalle ba gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 abin ya fi shafa. Dattijo kan faɗi ne a daidai lokacin da nauyinsa ke barin wata ƙafa zuwa wata: wajen juyawa, tsallake dokin ƙofa, ko miƙewa bayan alwala. Wannan gaɓar taici ke gyarawa.

A samu wuri busasshe kusa da bango. A naɗe tabarma, don takan zame, a ajiye silifas, a tuɓe babbar riga, zani kuma ya tsaya sama da idon sawu. Da bazara a Birnin Kebbi ko Argungu, bayan sallar asuba ya fi, kafin rana ta yi zafi.

A tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, a ɗan sassauta gwiwa, hannu ɗaya a jikin bango. A karkatar da nauyi zuwa ƙafar dama ana ƙirga huɗu, har sai hagu ta yi sakayau, sannan a dawo. Sau goma.

Yadda ake yin taku shi ne jigon abin. Sai nauyi ya gama komawa dama tukuna za a ɗaga hagu, a sauke diddige a gaba, a shimfiɗa tafin ƙafa, sannan nauyi ya biyo sannu a hankali. Nan akasari ake kuskure: mutum ya jefa jiki tare da ƙafar, in ya taka santsi ba shi da wurin komawa. Takun ya zama gajere, kuma kada ƙafafu su hau layi ɗaya, a bar tazarar taƙi guda tsakaninsu. Ido na kallon gaba. Kallon ƙasa na rinjayar da jiki.

In gwiwa ta yi ciwo, an durƙusa da yawa ne ko ta karkata ciki. Ta riƙa bin saitin yatsun ƙafa. Kada a riƙe numfashi. Mai jin jiri idan ya miƙe, musamman mai shan maganin hawan jini, ya fara ganin likita, ya kuma soma daga zaune.

Minti 10 sun isa a makon farko, a ƙara har 30, kwana uku a mako. Sai an yi kamar wata uku ake ganin bambanci, kuma in an daina, ƙarfin kan ragu.