Yadda ake samun izinin buɗe wurin renon yara a Kano

Yawancin matan da ke son buɗe wurin renon yara suna fara aikin ne daga ƙarshensa. Sai a kama gida, a biya hayar shekara biyu da la'adar dillali, a kira mai fenti ya zana giwa da ABCD a bango, sannan a tafi neman izini. Ranar da masu dubawa suka zo suka ce gidan bai dace ba, kuɗin sun riga sun tafi. Don haka ki bi tsarin nan a jere.

Da farko ki tantance abin da za ki yi. Raino ne zalla na jarirai da 'yan ƙasa da shekara uku, waɗanda iyayensu mata ke zuwa aiki ko karatu? Ko kuwa za ki haɗa da ajin nazire? Da zarar koyarwa ta shigo, kin zama makaranta mai zaman kanta, kuma maganarki tana hannun hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha. Harkar jin daɗin yara kuwa ta Ma'aikatar Mata ce. Ki je duka biyun da ƙafarki, ki karɓi sharuɗɗansu a rubuce, kada ki dogara da abin da wata ta gaya miki a waya. Kuɗin fom da na dubawa suna canzawa, ki biya ta hanyar da aka ba ki a hukumance ki riƙe rasit. Wanda ya tare ki a bakin ofis ya ce zai "gama miki komai", ki wuce shi.

Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, abu ne mai sauƙi, ana yi ta intanet, kuma rajistar sunan kasuwanci ta ishe ki a farko. Amma takardar CAC ba lasisi ba ce. Tana nuna sunan naki ne kawai, ba ta ba ki damar karɓar ɗan kowa ba.

Yanzu maganar gida, inda aka fi faɗuwa. Kafin ki biya ko sisi, ki shiga gidan da tsakar rana, ki durƙusa daidai tsayin yaro ɗan shekara biyu ki duba abin da hannunsa zai kai. Rijiya ita ce ta farko. Fallen kwano da dutse a kai ba murfi ba ne. Ana son murfin ƙarfe mai kwaɗo. Ki taka kan sokawe ki ji ko simintin ya fara tsagewa, domin tsofaffin gidaje da yawa nasu ya rube ta ciki. Ki leƙa waje: idan kwata ce a buɗe a bakin ƙofa, ko bola, ko injin niƙa, ko gidan yana kan titin da 'yan adaidaita ke gudu, ki haƙura da shi komai arhar hayarsa.

Bene ba wurin jarirai ba ne, a ƙasa za su zauna. Ki nemi gida mai ƙofar fita biyu, don tagoginmu duk da ƙarafuna a jiki, idan wuta ta tashi ta bakin ƙofa ɗaya tilo babu ta inda mai raino za ta fitar da yara goma. Kowane ɗaki ya zama yana da tagogi a ɓangare biyu da raga, da silin. Ɗakin da babu silin a zafin Afrilu na Kano tanda ne, kuma lokacin ne sanƙarau da ƙyanda ke yawo a inda aka cunkushe. Soket a ɗaga shi sama ko a toshe. Janareta da tukunyar gas su kasance inda yaro ba zai kai ba, hayaƙin kuma kada ya bi ta taga. Banɗakin yara daban da na manya, da fo isassu da wurin wanke hannu.

Abu ɗaya da ake mantawa: gidan zama ne za ki mayar wurin sana'a. Ki sa mai gida ya rubuta amincewarsa a cikin takardar haya, sannan ki tuntuɓi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kan canjin amfani da ginin, musamman idan za ki fasa bango ko ki ƙara ɗaki. Ki gaida mai unguwa da maƙwabta tun kafin allo ya hau ƙofa. Ƙorafin maƙwabci ɗaya kan hayaniya da motocin iyaye yana iya jawo miki ziyarar da ba ki shirya mata ba.

Sai ma'aikata. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa mai raino ɗaya ga yara 10 a wurin raino, malami ɗaya ga 25 a nazire. Wannan iyaka ce ta takarda. Jariran da ba su fara tafiya ba, mace ɗaya ba ta iya wuce huɗu, duk wadda ta taɓa ba jarirai biyu madara a fida a lokaci guda ta san haka. Kowace ma'aikaciya ta kawo lambar NIN, hoto, mai tsaya mata wanda aka san gidansa, da takardar gwajin lafiya daga asibitin gwamnati, har da na tarin fuka. Mai gadi da direba ma haka. Tun 2022, lokacin da gwamnatin jiha ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu don sake tantance su bayan kisan wata ɗaliba, tambayar wa ke aiki a wurin ta daina zama wasa, ga kuma dokar kare yara ta jiha da aka sa wa hannu a 2023.

Takardun yara su ma za a nema. Kowane yaro da fayil ɗinsa: kwafin katin rigakafi, abin da jikinsa ba ya so, lambobin waya biyu, da hotunan waɗanda aka yarda su ɗauke shi. A ajiye littafi a bakin ƙofa, a sa hannu da safe, a sa da yamma. Wanda babu hotonsa ba a ba shi yaro, ko da ya ce shi kawunsa ne, sai uwar ta kira da kanta. Magani ma ba a ba yaro sai da rubutun iyaye.

Sauran ki gama su a mako guda: tukunyar kashe wuta da bokitin yashi, ki gayyaci hukumar kashe gobara ta duba, duba-gari na ƙaramar hukuma su ga ruwa da banɗaki da kicin, akwatin agajin gaggawa da ORS (ruwan gishiri da sukari) a ciki, rajistar haraji. Sannan ki miƙa takardar neman dubawa. Idan an ba ki amincewar wucin gadi, ki karanta wa'adinta ki rubuta ranar sabuntawa a bangon ofis, kuma kada ki ɗauki yara fiye da adadin da aka gani ranar dubawa ba tare da kin ƙara ɗaki da mai raino ba.